Faya-fayan jazz: tambayoyi da amsoshi ga mai son saurare da tarawa

Jazz kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne. A New Orleans ya tsiro a farkon ƙarni na 20, ya bi ta Chicago da Kansas City, ya je ya yi ƙarfi a New York. Masu sonsa ba su da yawa a yau, amma wanda son ya kama yakan kama shi da gaske, har ka tarar da dattijo ya haddace ranar da aka naɗi wani faifai da sunan wanda ya buga ganga a ciki. Ga tambayoyin da sabon shiga ya fi yi.

Me ya sa masoya jazz suke ɗaukar faifai kamar kayan gado? Ba waƙa ba ce kawai?

Domin a jazz karin waƙar mafari ne kawai. Makaɗan sukan buɗe da karin da kowa ya sani, daga nan kowannensu ya karɓi fili ya ƙagi nasa nan take, sannan a dawo kan karin a rufe. Abin da mai busa ya busa yau ba zai iya maimaita shi gobe ba ko da ya so. Wanda ya saba da Shata zai gane wannan da sauri: amshi ɗaya ne, kalangu ɗaya ne, amma abin da ya faɗa a wannan fage ba shi zai faɗa a wancan ba. Saboda haka faifan jazz shaidar wata rana ce guda, da wasu mutane, a wani ɗaki. In ka ce wa masoyin jazz kana son waƙa kaza, abin da zai fara tambayarka shi ne, ta wace shekara, kuma da su wa?

Ga misali ɗaya. Ranar Lahadi 25 ga Yuni 1961, mai fiyano Bill Evans ya yi wasa da abokan kiɗansa biyu a Village Vanguard, wani ɗan ƙaramin gidan kiɗa da ke ƙarƙashin ƙasa a New York. An naɗi wasan, kuma in ka kasa kunne za ka ji ƙarar kofuna da hirar mutanen da ke zaune, wasu ma ba kiɗan ne a gabansu ba. Mai kaɗa bes, wato ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake tsayar da shi a ƙasa, shi ne Scott LaFaro, saurayi ɗan shekara 25. Ranar 6 ga Yuli ya rasu a haɗarin mota. Faya-fayai biyu aka fitar daga wasan wannan Lahadin, kuma su ne na ƙarshe da mutanen uku suka naɗa tare.

Yaushe aka fara naɗar jazz, kuma me ya sa tsofaffin ba sa wuce minti uku?

Faifan da ake lissafawa na farko an naɗe shi ne a New York a watan Fabrairu 1917, kuma abin mamaki Turawa ne suka yi shi, wata ƙungiya mai suna Original Dixieland Jass Band. Buddy Bolden, wanda mutanen New Orleans suke kira sarkin masu busa na farko, ba a da muryar ƙahonsa ko ta daƙiƙa ɗaya. Sai labari. Baƙaƙen makaɗan birnin sun fara samun shiga ne a farkon shekarun 1920, kuma a 1923 aka fara jin mai busa ƙaho Louis Armstrong a faifai, yana yaron gidan King Oliver, shugaban ƙungiyar kiɗan da yake ciki. A lokacin babu makirufo. Makaɗa sukan taru ne gaban wani ƙaton mazurari su yi ta busawa, girgizar sautin ita ke tura allurar da ke zana kakin. Naɗi da lantarki ya zo a 1925, shekarar da Armstrong ya fara jerin naɗe-naɗen ƙungiyarsa ta Hot Five a Chicago, waɗanda suka kai har 1928.

Batun minti uku kuwa, faifan ne ya tilasta shi. Na wancan zamani yana juyi 78 a minti, kuma mai faɗin inci 10 ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowace fuska. Makaɗin da ya saba busa na minti goma a gidan rawa dole ya dunƙule maganarsa. Wasu na ganin wannan matsi ne ya sa tsofaffin suka iya taƙaita zance, ni ma haka nake gani. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai juyi 33 da sulusi, wanda ke ɗaukar minti ashirin da wani abu a fuska ɗaya. Daga nan ne abin da muke kira kundi a yau, wato waƙoƙi da yawa a dogon faifai ɗaya, ya samu.

Akwai kuma wani giɓi da ke ci wa masu tarawa tuwo a ƙwarya. Daga 1942 zuwa 1944 ƙungiyar ƙwadagon makaɗan Amurka ta hana mambobinta yi wa kamfanoni naɗi saboda rikicin kuɗi. A daidai waɗannan shekaru ne Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Thelonious Monk suke ƙera sabon salon da aka kira bebop. Da aka koma ɗakin naɗi, salon ya riga ya nuna, ɗanyensa kuma kaɗan ne ƙwarai aka kama.

Da wane faifai zan fara?

Kusan kowa zai ce maka Kind of Blue na mai busa turamfet Miles Davis, kuma ba su yi ƙarya ba. An naɗe shi a zama biyu, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu 1959, a wani tsohon coci da Columbia ta mayar ɗakin naɗi a New York. Tafiyarsa a hankali take, ba ya firgita sabon kunne, ga shi kuma ya tara John Coltrane da Cannonball Adderley a saksafon da Bill Evans a fiyano. Amma in kai mai son ganga ne, ka fara da Moanin' na Art Blakey, na 1958, inda fiyano ke bayarwa masu busa na amsawa. In murya ce ta fi jan hankalinka, nemi wanda Ella Fitzgerald da Armstrong suka yi tare a 1956, ko naɗe-naɗen Billie Holiday na ƙarshen shekarun 1930.

Abin da ba na ba sabon shiga shawara a kai shi ne ya fara da A Love Supreme na Coltrane don kawai ya ji ana kambama shi. Babban aiki ne, addu'ar godiya ce ga Ubangiji mai kashi huɗu da aka naɗa a zama ɗaya ranar 9 ga Disamba 1964, amma yana son kunnen da ya ɗan kwana biyu. Zai jira ka.

Na saurara amma kamar kowa na kiɗan gabansa ne. Me ya kamata in bi?

Bi bes. Shi ne ke taku ɗaya-ɗaya a ƙasa, kuma shi ke nuna inda ake. Sannan ka riƙe karin da aka buɗe da shi a ranka, ka ci gaba da rera shi a zuci yayin da mai busa ya kama nasa. Za ka ga tsawon karin bai canja ba, zagaye ake yi a kansa, galibi na gaɓa 12 ko 32, kuma duk inda mai busa ya yi nisa zai dawo daidai lokacin da zagayen ya cika. Saurari waƙa ɗaya sau da yawa, kowane karo ka bi mutum ɗaya. Ya fi ka zuba faya-fayai goma a rana guda.

Me ake nema a bayan kwalin da ake ta karantawa haka?

Sunaye da ranaku. Nan ne taswirar take. Ka ji mai fiyano ya burge ka a faifan wani, sai ka duba sunansa, ka nemi nasa na kansa, a can kuma ka ci karo da wani mai ganga. Haka tarin yake girma, kuma haka aljihu yake ramewa. Paul Chambers, mai bes ɗin Kind of Blue, ya rasu yana da shekara 33, amma sunansa na kan ɗaruruwan faya-fayai.

Ana kuma duba kamfani. Blue Note, wanda ya fi kowanne farin jini wajen masu tarawa, Alfred Lion ne ya kafa shi a 1939, Bayahude ɗan Berlin da ya baro Jamus. Abokinsa Francis Wolff shi ke ɗaukar hotunan makaɗa suna tsakiyar aiki, Reid Miles kuma ya tsara kwalayen. Kamfanin yana biyan makaɗa kuɗin gwaji kafin ranar naɗi, abin da abokin gasarsa Prestige ba ya yi, kuma ana jin bambancin: na Blue Note a ɗaure suke tamau, na Prestige a sake. Kowanne da daɗinsa. A zama biyu kacal na 1956, ɗaya a Mayu ɗaya a Oktoba, Miles Davis ya zuba wa Prestige abin da ya cika kundi huɗu don ya sauke nauyin kwantiraginsa ya koma Columbia, kuma suna cikin mafiya kyawun abin da ya yi.

Sunan da za ka yi ta gani a duka kamfanonin biyu shi ne Rudy Van Gelder. Likitan tabarau ne da rana, da dare kuma yana naɗar makaɗa a falon gidan iyayensa a Hackensack, jihar New Jersey. Sai a 1959 ya bar duba ido ya gina ɗakin naɗi na kansa a Englewood Cliffs. Wani babban kaso na jazz ɗin shekarun 1950 a falon gidan mutane aka yi shi, da fitilar tebur da labule.

Mene ne bugun farko, kuma me ya sa yake da ɗan karen tsada?

Bugun farko shi ne kwafin da aka matsa a masana'anta lokacin da kundin ya fara fita. Da yawa daga faya-fayan da ake rububinsu yau ba su yi kasuwa ba a zamaninsu, kaɗan aka buga, waɗanda suka tsira da lafiya bayan shekara sittin kuma sun fi kaɗan. Wani kundin mai saksafon Hank Mobley na 1957, wanda masu tarawa ke kira da lambarsa kawai, 1568, ana sayar da bugunsa na farko dubban daloli.

Gane shi sana'a ce mai zaman kanta. A na Blue Note ana duba adireshin da ke kan takardar tsakiyar faifan: Lexington Avenue ne mafi tsufa, sai West 63rd, sai New York USA, sai sunan Liberty bayan an sayar da kamfanin a tsakiyar shekarun 1960. Ana shafa takardar da yatsa a ji ko akwai wani zurfaffen da'ira a cikinta. Sannan a karkata faifan ga haske a duba santsin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takarda. A nan ake neman haruffan RVG ko sunan Van Gelder, da wata 'yar alama mai kama da kunne, tambarin masana'antar Plastylite da ta matsa su. Rashin wannan ɗan kunnen kaɗai yana iya zaftare farashi ƙwarai.

To bugun farkon ya fi daɗin sauti ne?

Wani lokaci. Hujjar masu cewa ya fi ita ce an yanka shi lokacin da tef ɗin asali yake sabo, kuma injiniyan da ya yi naɗin ne ya yanka. Hujja ce mai ƙarfi. Amma faifan da ya sha allura shekara da shekaru ba ya komawa sabo, kuma tsufa ba ya wanke kuskure. Kind of Blue da kansa ya shafe fiye da shekara talatin ana sayar da shi da aibi: na'urar tef ɗin da aka yi amfani da ita a zaman farko tana ɗan jan ƙafa, don haka waƙoƙi ukun fuskar farko suna fita da ɗan sauri, muryarsu ta ɗan hau sama. Masu koyon busa da ke bin faifan su ne suka fi shan wahalar abin. Sai a 1992 aka gyara.

Na Duke Ellington, shugaban babbar ƙungiyar kiɗa, a bikin jazz na Newport na 1956 ya fi wannan ban dariya. A daren ne mai saksafon Paul Gonsalves ya yi zagaye 27 ba tsayawa har taron ya rikice da rawa, wasan da ya farfaɗo da sunan Ellington bayan kasuwarsa ta ja baya. Sai dai Gonsalves ya busa ne a makirufon Muryar Amurka maimakon na kamfanin faifan. Ƙari a kan haka, wani sashe mai yawa na kundin da aka fitar an sake naɗarsa ne a ɗaki bayan bikin, aka ɗora masa tafi. A 1999 aka haɗa tef ɗin Muryar Amurka da na Columbia aka fitar da wasan yadda ya gudana. Wanda ke da bugun farko yana da abin tarihi, wanda ke da CD ɗin 1999 shi ke da wasan.

Ra'ayina shi ne, kuɗin bugun farko guda ɗaya zai saya maka sabon bugu mai kyau guda hamsin. Na Japan na shekarun 1970 da 1980, masu ɗamarar takarda a gefen kwali, sun yi suna wajen tsabtar roba da rashin ƙara, kuma ba su kai na asalin tsada ba.

Dole sai faifan garmaho? CD ko waya fa?

Ba dole ba ne. CD ya fi araha, ba ya tsoron ƙura, kuma sau da yawa yana ɗauke da ƙarin gwaje-gwajen da ba su shiga kundin farko ba, inda za ka ji waƙa ɗaya sau biyu ko uku kowacce da busarta. Waya kuma ta buɗe wa kowa rumbun da a da sai mai hali. Matsalarta ɗaya, manhajojin saurare ba su cika nuna sunayen makaɗa da ranar naɗi ba, wasu ma sukan sa shekarar sake bugu a matsayin shekarar kundin. Abin da faifan garmaho ya fi su da shi shi ne yana zaunar da mutum wuri ɗaya na minti ashirin, ga kuma kwali mai faɗi a hannu.

Makaɗan sun daɗe da rasuwa. Daga ina sabbin faya-fayansu suke fitowa?

Daga akwatunan da ba a buɗe ba. A 2005 wani ma'aikacin ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, Larry Appelbaum, yana bin tsofaffin tef na Muryar Amurka sai ya ci karo da wasan Monk da Coltrane a Carnegie Hall na Nuwamba 1957. An daɗe ana jin labarin yadda haɗuwar mutanen biyu ta kasance, amma abin da ke hannu kaɗan ne. A 2018 kuma aka fitar da wani zaman Coltrane na Maris 1963 daga kwafin da ya tsira a hannun dangin matarsa ta farko.

Wasu kuma aikin masoya ne. Dean Benedetti ya riƙa bin Charlie Parker gidajen kiɗa a 1947 da 1948 da 'yar na'urarsa ta naɗar sauti. Da Parker ya fara busa sai ya kunna, da ya gama sai ya kashe, sauran makaɗan ko oho. Sai a 1990 aka tattara guntayen aka fitar. Sautin ba shi da kyau, kuma ba abin da za ka kunna wa baƙo ba ne.

Akwai wata alaƙa tsakanin wannan kiɗa da ƙasashenmu?

Akwai, kuma mafi kusa a Zariya take. Yusef Lateef, mai saksafon da sarewa wanda ya tashi a Detroit ya kuma musulunta tun yana matashi, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a cibiyar nazarin al'adun Najeriya, kuma sarewar Fulani na cikin abin da ya nazarta. Kundinsa In Nigeria daga wannan zama ya fito. Kafin shi, Armstrong ya sauka a Accra a 1956 inda ya yi wasa da makaɗin Ghana E.T. Mensah, ya kuma zo Najeriya a 1960, shekarar samun 'yanci, har akwai hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello. Fela Kuti turamfet ya koya a Landan, kuma jazz haɗe da hailaif yake yi kafin ya kai ga salonsa. Mai gangarsa Tony Allen ya sha faɗin cewa faya-fayan Art Blakey da Max Roach ne suka buɗe masa kai, kuma a 2017 ya yi wa Blakey faifan girmamawa a Blue Note. Mai son faɗaɗa tarinsa a nahiyar nan ya nemi Mulatu Astatke na Habasha da Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu.

Yaya zan duba tsohon faifai kafin in biya?

Fito da shi daga riga, riƙe shi ta gefe, ka karkata shi ga haske mai ƙarfi. Ƙarcen da ido ke gani amma farce bai ji ba, galibi ba ya damuwa. Wanda farce ya ji, allura ma za ta ji. Faifan da ya yi fari-fari ya daina sheƙi ya sha mugunyar allura, wannan kuma wanki ba ya gyara shi. Ɗaga shi daidai ido ka ga ko ya lanƙwashe. Tabbatar kuma faifan da ke ciki shi ne na kwalin, domin a tsofaffin tari ana yawan musanya su. In ta intanet ne, masu sayarwa a shafuka irin su Discogs suna amfani da ma'auni: NM kusan sabo, VG+ ya ɗan sha hannu amma yana da daɗin ji, VG za ka ji ƙas-ƙas. Ga jazz mai yawan wuraren shiru, kada ka sauka ƙasa da VG+.

Zafi da ƙurarmu ba za su lalata su ba? Na'urar fa?

Za su lalata in an yi sake. Roba ce, rana na lanƙwasa ta, kuma awa ɗaya a cikin mota a watan Afrilu ta isa. A jera su a tsaye, kada a ɗora wani kan wani, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Lokacin hunturu iska ta bushe, faifai yakan riƙa jan ƙura da kansa, don haka a share shi da burushi mai laushi kafin kowane kunnawa, a kuma rufe na'urar. Da damina a kula da danshi, yana sa kwali fumfuna. Wanki da tataccen ruwa ake yi da ƙyalle mai laushi, ana bin da'irar layukan, ba a jiƙa takardar tsakiya. Tsofaffin masu juyi 78 kuwa kada sinadarin sifirit ya taɓa su, narkar da su yake yi.

In akwai tsohon garmaho da ake murɗawa da hannu a gida, kada a ɗora masa dogon faifai. Allurarsa ta ƙarfe ce mai nauyi, juyi ɗaya zai huɗe layukan, alhali allurar dogon faifai nauyin da take sauke wa bai wuce kimanin giram biyu ba.

Sai batun wuta, wanda ya fi kama masu sayo na'ura daga waje. Wutar Amurka bolt 120 ce mai bugawa 60 a daƙiƙa, tamu a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce mai bugawa 50. Na'urar rage ƙarfin wuta tana gyara na farkon ne kawai. Yawancin tsofaffin na'urori injinsu da bugun wutar yake auna gudunsa, saboda haka wadda aka ƙera don Amurka za ta riƙa juyi kusan 28 a nan maimakon 33 da sulusi, kiɗan ya yi nauyi, muryar kowa ta faɗi. Janareta ma haka yake wasa da gudun in yana hawa da sauka. Nemi wadda aka yi don Turai, ko mai injin da ke daidaita gudunsa da kansa irin Technics SL-1200, sannan ka duba bayanta ka ga bolt nawa aka rubuta kafin ka jona.